Ƙanƙarar zoɓo da zancen teku

Talata, bayan sallar isha'i

Yau darasin teku ya faɗo mini da 'yan aji biyu na babbar sakandare, yaran da yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin Rima ba in ya kawo a watan Agusta. Littafinmu layi biyu kacal ya ba abin: ruwan teku hawa-hawa yake, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Bai ce uffan a kan dalili ba. Abin da ke damuna da irin littattafan nan ke nan, a ɗora wa yaro hadda, a hana shi ganin yadda abu ke aiki.

Tun jiya na jiƙa zoɓo ba sukari, domin sukari zai ƙara masa nauyi ya ɓata gwajin, na kai firizar maƙwabciyata ya daskare. A aji na ajiye kofunan gilas biyu, ɗaya ruwan famfo zalla, ɗaya na narka masa gishiri da yawa, na jefa jar ƙanƙara a kowanne. A kofin ruwan zalla, jan ya riƙa sulalowa ƙasa siriri-siriri, ruwan ƙasa mai ɗumi yana hawowa ya maye gurbinsa, kafin ka ce me ƙanƙarar ta narke, kofin ya rine duka. A na gishirin kuwa, jan ya kwanta a sama da faɗin yatsa guda, ƙasa na nan garau, ƙanƙarar tana ta iyo ta ƙi ƙarewa duk da zafin Sakkwato.

Wata yarinya a bencin baya ta ce, "Malama, ai shi ma sanyi gare shi, mi ya hana shi sauka?" Na ji daɗin tambayar nan har cikin raina. Abu biyu ke ƙara wa ruwan teku nauyi, sanyi da gishiri, kuma a kofin nan gishiri ya rinjayi sanyi. Kilo guda na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, shi ya sa lita guda tasa ke kai giram 1,025, ta ruwan daɗi kuma 1,000. Bambanci kaɗan ne, amma a kansa tsarin teku duka yake tsaye.

Tukunya daga ƙasa ake hura mata wuta, don haka ruwanta ke juyawa. Teku kuwa daga sama rana ke gasa shi, ruwan ɗumi marar nauyi ya yi zamansa a saman, babu abin da zai tura shi ƙasa. Iska da sanyin dare suna gauraya 'yan mitoci goma-goma na sama ne kawai. A gaɓar Legas saman ruwa kan kai digiri 28, amma a can ƙasa, zurfin kilomita 4, bai wuce digiri 2 ko 3 ba. Yaran sun yi shiru da na faɗi wannan.

To daga ina sanyin ya zo? Wurare ƙalilan ne a duniya inda ruwan sama ke yin nauyin da zai nutse can ƙasa. A Tekun Labrador, tsakanin Kanada da Girinlan, iskar hunturu kan kwashe zafin ruwa har ya juya zuwa zurfin mita 2,000 a shekarar da sanyi ya yi tsanani. A Tekun Weddell na Antatika, in ƙanƙara ta daskare sai ta bar yawancin gishirinta a ruwan da ke ƙarƙashinta, ruwan ya ƙara nauyi ya gangara gindin teku. Daga nan yake rarrafawa a hankali har ƙarƙashin tekunmu na yankin zafi, kuma yakan yi shekara wajen 1,000 kafin ya sake ganin rana. Iskar da kifayen can ƙasa ke shaƙa ma da ita ya sauka.

A ɗakin malamai wani abokin aiki ya ce, "Malama, mu da ke bakin sahara, ina ruwanmu da teku?" Na ce, "Malam, damina fa?" Danshin da ke zame mana ruwan sama, iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi daga Tekun Gini, kuma ɗumin wannan siririn hawa na sama yana cikin abubuwan da ke tsara yadda daminar za ta kasance. Manomin gero a Kware ko Wurno yana da ruwa da tsaki a zancen.

Gobe da ɗaya ajin zan ƙara kofi na uku: ruwan gishiri a ƙasa, ruwan zalla a zuba a hankali ta bayan cokali a samansa, sannan a jefa jar ƙanƙara. Ina so su ga jan ya sauka ya tsaya a tsakiya, kamar yadda ruwan Bahar Rum ke fitowa ta mashigin Jibralta ya nutse a Atilantika, ya tsaya a zurfin mita 1,000 inda ya tarar da mai nauyi irin nasa.