Yinin Alhamis a fadar Barberini

Yau da hantsi na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Barberini da ke birnin Roma, na taka har ƙofar fadar da a yanzu gwamnatin Italiya ke adana tsofaffin zane-zane a cikinta. Dangin Barberini, wato dangin Paparoma Urban na Takwas, su ne suka gina ta. Mai tsara gine-gine Carlo Maderno ya fara aikin, da ya rasu a 1629 sai Bernini ya ɗora, Borromini yana taya shi, kuma kowannensu ya bar matakalarsa: ta Bernini mai kusurwa huɗu, ta Borromini kuwa tana murɗewa kamar bawon katantanwa.

A babban zaure na ɗaga kai ina kallon rufin da Pietro da Cortona ya kammala zanawa a 1639, har sai da wuyana ya ƙage. Mutane ne birjik a cikin gajimare, ga manyan ƙudan zuma uku, tambarin gidan, suna shawagi a tsakiya. Aikin ya burge ni ƙwarai, sai dai na ji cewa kirari ne aka yi wa masu mulki da fenti.

Abin da ya tsayar da ni shi ne zanen Caravaggio na wajen 1599, wanda ya nuna Judit, wata bazawara Bayahudiya ta cikin wani tsohon labarin addini, tana yanka Holofanes, kwamandan da ya yi wa garinsu ƙawanya. Bayan hoton duhu ne da jan labule, haske kuma ya faɗo daga gefe guda a kan farar rigarta. Ta riƙe gashinsa da hannu ɗaya, takobi a ɗayan, ta miƙe hannuwa tana ja da baya, ta haɗe gira kamar wadda zuciyarta ke tashi da abin da ya zame mata dole. Amma tsohuwar da ke gefenta ce ta fi riƙe ni: fuska duk tamoji, ido a zare, ta damƙe ƙyallen da za a naɗe kan a ciki, babu alamar tausayi ko kaɗan.

Wasu maziyarta sun zo sun ɗauki hoto da waya sun wuce cikin daƙiƙu, abin ya sosa mini rai. Na kusa rabin sa'a a wurin, kuma da na kai bakin ƙofar fita sai na juya na koma don in sake duban yatsun tsohuwar nan.