Shekarun da na yi tsugune a bakin ramin tururuwa

Sana'ata gyaran agogo ce. A kasuwar Argungu na koye ta a hannun kawuna, da kasuwar agogo ta ja baya kuma na koma gyaran waya kamar sauran 'yan layinmu. Boko a aji uku na sakandare na ajiye shi. Duk abin da na sani game da tururuwa a tsugune na same shi, da gilashin ido ɗaya irin namu na masu gyara, da hantsaki, da littattafan rubutu na 'yan makaranta waɗanda yanzu sun cika akwati guda.

Kakata ce ta fara kai ni bakin ramin. Muna dawowa daga gona bayan an yanke gero, sai ta tsaya a wani fili da aka share fes kamar an yi masa tsintsiya, ga ƙaiƙayi ya kewaye shi, ga hanyoyi uku sun fita daga tsakiyarsa sun shige cikin ciyawa. Na ɗaga ƙafa zan tattake, ta riƙe ni. Ta ce, "Kul, maigida! Waɗannan sun ciyar da uwarka." A farin 1973 da shekarar da ta biyo baya, in ji ta, mata kan fita da asuba da hauya da ƙwarya, su haƙe gidan tururuwa, su kwaso abin da ke cikin ɗakunanta: ƙwayar ƙarangiya, da harkiya, da gude-gude, da ɗan geron da ta tsinta. A sheƙe, a daka, a yi wa yara kunu. Ba ta faɗe shi da alfahari ba. Ta ce ranar da ta fara yi sai da ta yi kuka, don ta san rumbun wani ta fasa.

Tun daga ranar nake son in ga cikin wannan rumbu. Amma sai da na girma na mallaki gilashin gyara sannan na ɗora tururuwa ɗaya a kan farar takarda na duba ta da kyau. Abin da na gani ya fi cikin agogo tsari. Ga ƙugu siriri mai ƙulli biyu tsakanin ƙirji da ciki, ga 'yan ƙahonni biyu masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu waɗanda take shinshina da taɓawa da su, ga muƙamuƙi mai faɗi na niƙa. A gida ɗaya kuma akwai ƙanana, akwai matsakaita, akwai masu ƙaton kai. Na daɗe ina zaton ƙananan 'ya'ya ne da za su girma. Ashe tururuwa ba ta ƙara girma bayan ta fito daga kwanciyarta ta ƙarshe, yadda ta fito haka za ta mutu. Masu aikin nan kuma duka mata ne, 'ya'yan uwa ɗaya.

Abu na farko da ya tsaya mini shi ne sunayenmu na Hausa ba a banza aka raɗa su ba. Bahaushe ya raba tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa da gwano, kuma da na samu wayar da ke shiga intanet na riƙa gwada nawa da hotunan AntWeb, wani shafin intanet da masana ke tara hotunan nau'o'in tururuwa a cikinsa, sai na tarar rabon ya hau kan na masana sosai. Tururuwarmu mai tara hatsi daga dangin Messor take. Kwarkwasa Dorylus ce, makauniya, mai tashi da gari guda. Cinnakan da ke hana mu barci a tabarma shi ne Brachyponera sennaarensis, sunan daga Sennar ta ƙasar Sudan aka ɗauko shi. Muna cewa "cinnaka ba ka san na gida ba", muna kiran abin da yake yi cizo, alhali harbi ne: da baki yake kama fata, ya lanƙwaso ciki ya soka ƙari. Na ga wannan a bayan hannuna ƙarƙashin gilashi. Inda mutanenmu kan haɗa abin da bai haɗu ba shi ne gara. Gara da zago da shingen da yara ke kamawa a gindin fitila ba dangin tururuwa ba ne ko kaɗan, sun fi kusa da kyankyaso. Ba su da siririn ƙugun nan, ƙahonninsu ma a miƙe suke.

Akwai gida ɗaya a gefen gonar mahaifina da na bi shekara huɗu. Na san lokacin fitarsu: da ɗari sai rana ta ɗaga, da bazara tun kafin a kira assalatu sun fita, kafin hantsi sun koma, sai kuma yamma. Na ga yadda bayan ruwa mai ƙarfi suke fito da ƙwayar da ta jiƙe su shanya a bakin rami, rana ta yi su mayar. Na auna hanyarsu mafi tsawo da taki, ta haura 40. In na goga yatsa na ratsa hanyar, sai ayari ya tsaya cak a bakin gogewar, su watsu suna lalube, don ƙanshin da suka shimfiɗa ya yanke, har sai wata ta yi ƙarfin hali ta tsallaka sannan layi ya ɗinke.

A shekara ta biyar haƙurina ya ƙare. Na ɗauki diga da shebur na ce yau sai na ga uwar. Na yi haƙa tun safe har la'asar, rami ya kai mini ƙugu. Na ga ɗakunan kuwa: ƙanana, shimfiɗaɗɗu, faɗin tafin hannu, na sama cike da ƙwaya, na ƙasa da fararen tsutsotsi waɗanda ma'aikatan ke ta sura suna gudu da su. Uwar ban gan ta ba. Wataƙila bakin digar ya bi ta kanta. Bayan wata biyu gidan ya yi tsit, ciyawa ta rufe hanyoyin. Kakata yunwa ce ta sa ta, ni kuwa ba abin da ya sa ni sai gaggawa, kuma abin da na samu a yinin nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da gidan zai nuna mini ba da na bar shi a raye.

Na je na faɗa wa malaminmu na zaure. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ka san an hana kashe huɗu: tururuwa, da ƙudan zuma, da alhudahuda, da suda." Ya kuma tuna mini hadisin annabin nan da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu, Allah Ya yi masa wahayi a kan al'ummar da ya halaka mai tasbihi. Na ce, "Allah gafarta Malam, to neman sanin fa?" Ya ce in nema, amma kada in ɗauki abin da ya wuce buƙata. Tun daga nan ban sake haƙa gida ba. In zan ajiye samfuri, uku ko huɗu nake ɗauka, in saka a wankakkiyar kwalbar allura da sifirit na kemis, in rubuta wuri da rana da irin ƙasar a 'yar takarda da fensir in jefa ciki. Biro narkewa yake yi a sifirit. Kwalabe goma sha biyu na farko haka suka zama ba su da asali, kuma samfurin da ba a san inda aka ɗauko shi ba bai da amfani ga kowa.

Gwano ne ya koya mini yadda ake rubutu. Kowa ya san jerin gwano a baki, amma kaɗan ne suka bi jerin har inda za shi. Ni na bi, sau da yawa, a wata gonar dangi da ke wajen Zuru inda gara ta yi yawa. Ɗaya ce ke fita leƙen asiri. In ta samo inda gara ke cin itace, sai ta koma ta jawo ɗaruruwa a layi, ita a gaba. Suna isa manyan su fasa rufin laka, ƙananan su kutsa, cikin 'yan mintoci an gama, kowace babba ta cika baki da gara a juyo gida. A kan hanyar dawowa na sha ganin wata ta ɗauko 'yar uwarta a naɗe. Na rubuta a littafina: "suna kwaso gawawwakinsu." Haka na rubuta har wuri shida.

Shekaru bayan haka na ci karo da labarin binciken da wani Bajamushe, Erik Frank, ya yi da abokan aikinsa a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa, wanda aka buga a 2017, a kan wannan nau'i mai suna Megaponera analis. Waɗanda ake ɗaukowa ba matattu ba ne, masu rauni ne: wadda gara ta cire wa ƙafa, ko wadda sojan gara ya maƙale mata. A gida ake cire mata garar, a lashe raunin, kuma mafi yawansu suna warkewa su sake fita farauta. Daga baya ma sun nuna cewa ana shafa wa raunin da ya harbu wani ruwa daga jikinsu mai kashe ƙwayoyin cuta. Na ɗauko littafina na duba, raina ya ɓaci ƙwarai. Abin a gabana ya faru. Da na taɓa ɗaya da tsinke da na ga ta motsa. Idona ya ga an ɗauko wata a naɗe, hannuna ya rubuta gawa. Yanzu kowane shafi na raba shi biyu da layi: dama abin da na gani, hagu abin da nake zato.

Cikin mutanen da na karanta labarinsu, wanda ya fi shiga raina shi ne Felix Santschi, wanda aka haifa a 1872 ya rasu a 1940. Ɗan ƙasar Suwizalan ne, likitan mutane, ba malamin jami'a ba. Ya zauna shekaru masu yawa a Ƙairawan ta Tunisiya, garin da ake danganta mai Risala da shi, yana duba marasa lafiya, in ya samu sarari ya fita bayan gari wurin tururuwa. Ya raɗa wa nau'o'i da rassansu kusan 2,000 suna, da yawansu na Afirka, kuma tarinsa yana ajiye a gidan tarihin halittu na birnin Basel. A 1911 ya yi wani gwaji da ba ya buƙatar komai sai allo da madubi. Ya tare wa tururuwa mai komawa gida rana da allo, ya hasko mata ranar daga ɗaya gefen da madubi, sai ta juya ta kama hanyar baya. Da haka ya nuna cewa da rana take gane gabas da yamma.

Na ari madubin matata, na yanko kwalin taliya, na tafi da ɗana ya riƙe mini. Kwana biyu ba abin da ya faru. Muna haska waɗanda ke kan babbar hanya, su kuwa ko a jikinsu, don ƙanshi suke bi. A rana ta uku yaron ya ce, "Baba, mu gwada waccan da ke ita kaɗai." Wata ce ta yi nisa da layi, ta samo ƙwaya tana komawa a kan rairayi. Ya tare rana, na karkata madubi. Ta tsaya, ta ɗaga ƙahonni, ta juya da kayanta ta nufi inda ta fito. Na sauke madubin, ta sake juyowa gida. Sau uku muka yi mata haka sannan na ce ya isa, a bar ta ta kai kayanta. Ba duka suke juyawa ba. Cikin goma sha ɗaya da muka gwada a makon, bakwai ne suka juya, kuma haka na rubuta.

Uwar da na kashe gida guda ina nema, daga baya da ƙafarta ta zo. Washegarin wani ruwa mai yawa na farkon damina, masu fiffike suka fito daga ramuka suka tashi. Mazan ba sa daɗewa bayan barbara. Macen kuwa takan sauka, ta karye fikafikanta da kanta, ta nemi wurin haƙa. Na tsinci ɗaya a bakin shagona tana yawo ba fiffike. Na zuba ruwa a doguwar kwalba zuwa rabi, na toshe shi da auduga, na saka ta a busasshen gefen, na sake toshe baki, na naɗe da baƙin ƙyalle na ajiye a ƙasan akwatin kayan gyara. Ban ba ta abinci ba, don na karanta cewa a wannan zaman naman fikafikanta ne ke narkewa ya ciyar da ita da tsutsotsinta. Mafi wuya shi ne hana kaina leƙawa. Sau ɗaya a mako na yarda wa kaina, ranar Juma'a bayan an sauko.

A mako na bakwai na warware ƙyallen na tarar da ma'aikata uku, ƙanana ƙwarai, launinsu bai gama duhu ba, suna kewaye da ita. Na fasa ƙwayar gero ɗaya da hantsaki na tura musu. Ɗaya ta zo ta taɓa ta da ƙahonni, ta ja ta zuwa gindin audugar. Da kaka ta yi sun kai talatin, kwalbar ta yi musu kaɗan, sai na kai su gefen gonar mahaifina, kusa da inda na yi haƙar nan, na binne kwalbar a kwance na zare audugar bakin. Bana gidan yana da hanyoyi biyu, ɗaya ta nufi kunyar gero, kuma na roƙi ƙanena da ke noma wurin ya riƙa kauce masa da garma.