Rayuwa a Teksas da ƴar ƙaramar bindigata mai harsashin .22

Tun da na zo Amurka abin da ƴan uwa suka fi tambayata a waya shi ne wai da gaske ne kowa na da bindiga a can? Amsar ita ce ba kowa ba, amma dai a jihar Teksas inda nake zaune da wuya ka yi wata guda a wurin aiki ba ka ji ana hirar bindiga ba, kamar dai yadda ake hirar mota. Wanda ke gyara mana injina yana da ita, matar da ke lissafin albashi tana da ita, har ma tana zuwa gasa. Ni kuma na zo ne da tunanin da muka tashi da shi, cewa mutum uku ne ke riƙe bindiga, soja, ɗan sanda, sai ɓarawo. To sai da na ɗauki lokaci kafin kaina ya ɗauka cewa a nan haƙƙi ne da ke cikin kundin tsarin mulkinsu tun 1791, gyara na biyu.

Yanzu haka ni ma ina da ita, ƴar ƙarama, Taurus TX22, kuma ba don tsoro na saya ba. Wani abokin aikina dattijo ne ya dinga matsa min in raka shi filin harbi, na dinga kakkaucewa, daga baya dai na je. Da ya ba ni tashi mai harsashin 9mm ƙarar da yadda take fizgar hannu suka sa na ji abin bai kwanta min ba sam, sai ya ɗauko wata ya ce gwada wannan, ita ce ake koya wa yara da ita. Wallahi daga harbin farko na ji bambanci, hannu ba ya tashi, ƙarar ba ta firgita mutum, kana iya natsuwa ka ga inda harsashinka ya huda takarda.

Irin wannan harsashi sunansa .22 LR, kuma tsoho ne sosai, tun 1887 kamfanin Stevens ya fito da shi. Abin da ya bambanta shi da manyan harsasai shi ne inda wuta ke tashi. A manyan akwai ɗan maɓalli a tsakiyar gindin kwanson, shi allurar bindiga ke duka. A wannan kuwa sinadarin da ke kunna albarushin an zuba shi ne a cikin leɓen gindin kwanson ya zagaye, allura ta daki gefe ta matse leɓen sai wuta ta kama, shi ya sa ake ce mishi rimfaya. Dole kwanson ya zama siriri kafin allura ta iya matse shi, don haka ba ya ɗaukar ƙarfi da yawa, kuma ba a sake cika shi in an harba. Amma ƙera shi da sauƙi, nan arahar ta samo asali.

Kuma arahar nan ita ce gaba ɗaya maganar a wurina. Mutumin da bai daɗe da zuwa ba, ga kuɗin haya ga inshorar mota ga waɗanda ke jiran ka turo, ina ya ga kuɗin ƙonawa? Bindigar kanta wajen dala ɗari uku ce. Harsashi in ka sayi babban kwali mai ɗari biyar, guda ɗaya ba ya kai santi goma, alhali na 9mm ya ninka haka wajen sau uku. Ka ga kenan da kuɗin da wani zai harba hamsin ni zan harba ɗari da hamsin, kuma saiti ba a koyonsa da baki, sai hannu ya maimaita ya maimaita har jan kunama ya daina karkatar da bakin bindiga. Akwai wasu irinta masu kyau, Ruger Mark IV wadda asalin zubinta tun 1949 yake, da Browning Buck Mark, waɗannan sun fi tawa nauyi da zama daram a hannu amma sun fi tsada. Tawa gidan harsashinta na cin goma sha shida kuma ba ta cika zaɓen harsashi ba, ya ishe ni.

Inda nake so ƴan uwa masu zuwa su buɗe kunne shi ne maganar takardu, don a nan ne mutum zai iya jefa kansa cikin abin da ba zai fita ba. Ni sai da girin kad ɗina, wato katin zama na dindindin, ya fito sannan na je kanti. Mai katin zama na dindindin doka ta ba shi damar saye. Wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai in ya faɗa cikin wasu ƴan keɓe-keɓe kamar mai lasisin farauta, wanda ba shi da takarda kuwa ko kusa kada ya je. A kantin da ke da lasisi sai ka kai shekara 21 za a sayar maka da fistol, wato ƙaramar bindigar hannu irin tawa, kuma a jihar da kake zaune. Za ka cika fom mai lamba 4473, a tura sunanka FBI su duba tarihinka, tsarin da ake bi tun 1998. Ƙarya a fom ɗin nan babban laifi ne, haka saya wa wani da sunanka, kuma mu da ba ƴan ƙasa ba abin ba ya tsayawa a kurkuku, har korar mutum ake yi. Kada zumunci ya sa ka ce bari in taimaka wa ɗan uwa in saya mishi, a'a. Sannan kowace jiha da nata, a Kalifoniya sai ka jira kwana goma kafin a miƙa maka, a Niyok sai da lasisi na musamman, Teksas kuwa tun Satumba 2021 mutum na iya yawo da fistol ba lasisi in ya cika sharuɗa.

Ni dai ba na yawo da ita. Daga gida zuwa filin harbi ne kawai, ba harsashi a ciki, a kulle a akwatinta a bayan mota. Baƙar fata ne ni, mai lafazin baƙo, kuma na san labarin Philando Castile wanda ɗan sanda ya harbe a Minesota a 2016 bayan ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, alhali yana da izini. Abin da doka ta rubuta daban, abin da zai faru a bakin titi da dare daban.

Kada kuma ƙanƙantarta ta yaudari kowa. Tana kisa. A jikin kwalin harsashin ma an rubuta gargaɗi cewa yana iya tafiya sama da mil guda. Shi ya sa abin da ya fi burge ni a filin harbi shi ne tsari, akwai jami'i mai sa ido, in ya ce a tsaya kowa ya ajiye ya ja baya, babu babba babu yaro. Kowace bindiga ana ɗaukarta a matsayin akwai harsashi a ciki, ba a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar harbi ba, yatsa ba ya taɓa kunama sai an gama saiti, kuma sai ka san abin da ke bayan abin da kake harbi. Ga abin toshe kunne ga tabarau, dole ne.

Tana da nata halin kuma. Harsashin rimfaya ya fi yawan ƙin tashi, musamman na araha, wani lokaci sinadarin bai zagaye leɓen duka ba sai ka ja kunama ka ji ƙas kawai. In haka ta faru ba a juyo da ita a leƙa, ka bar bakinta na kallon gaba ka ƙirga kamar daƙiƙa talatin sannan ka fitar. Ga datti, yana barin baƙin toka da maiƙo, in ba ka wanke ta ba za ta fara cijewa, ni harsashin kamfanin CCI na fi jin daɗi. Sannan kan harsashin dalma ne, sai ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro.

Maman yara ba ta so ba da farko, kuma tana da gaskiyarta, fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a ƙasar nan su ne ke kashe kansu, ga kuma yaran da ke tsintar ta iyayensu a ƙarƙashin filo. Sai muka yi yarjejeniya, bindiga a akwatin ƙarfe mai lambobin sirri, harsashi a wani wuri daban shi ma a kulle, kuma duk ranar da ɗayanmu ya ji hankalinsa bai kwanta ba za a fitar da ita daga gidan ba gardama.

A filin nan na fara samun mutanen da ba ƴan wurin aiki ba ne, ba kuma ƴan masallaci ba. Wani tsohon soja da ban taɓa zaton zai amsa gaisuwata ba shi ya gyara min tsayuwa da riƙo, ya ce in daina rufe ido ɗaya, kuma shi ya ba ni lambar wanda ya duba min motar da na saya ta hannu. Yanzu yana ta zuga ni in shiga gasar harbin farantan ƙarfe da suke yi ranar Asabar, akwai rukunin masu .22 kuma ba a buƙatar wasu kaya masu tsada, na ce mishi in Allah ya yarda wata mai zuwa zan rubuta sunana.