Ba a sauke kunne a waya

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare nake fara aikin gaske. Duk abin da na ɗauka kafin nan, sai ka ji kabu-kabu ya ratsa ta tsakiyar waƙar, ko akuyar maƙwabta ta yi wa mawaƙi amshi. Shagona ɗaki biyu ne a bayan kasuwar Dole. Na gaba nan nake zama da kwamfuta ina karɓar jama'a. Na ciki kuwa na lulluɓe bangonsa da soson katifa da tsofaffin barguna, na toshe tagar da bulo. Babu fanka a ciki, don mikro ya fi jin fanka a kan mawaƙi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, mutum yakan yi baiti biyu ya fito, riga jagab, ya sha ruwa ya koma.

Aikinmu ɗaukar murya da kiɗa, da haɗa bidiyo, da zana hoton talla, da buɗe wa mutane shafi a YouTube ko Facebook ko TikTok mu ɗora musu kayansu. Mawaƙa ke zuwa, da masu wasan barkwanci, da ƴan fada masu son a san da su, da malaman da ke rubuta labarai suna yaɗawa. Kowa da irin tasa.

Ban fara da kwamfuta ba. A teburin Kawuna na fara, mai gyaran rediyo da kwafar kaset. Ina tasowa daga lakwal nake wucewa wurinsa, aikina in juya zaren kaset da biro idan ya warware, in goge kan na'ura da auduga. Akwai abin da yake yi mini wanda a lokacin nake ɗauka mugunta ce. Sai ya kunna kaset biyu na waƙa ɗaya, ya juya mini baya, ya ce, "Kai yaro, wanne ne uwa, wanne ne kwafi?" In na kasa, babu kuɗin ƙosai ranar. Wata uku ina kwana da haushi kafin na fara jin wannan ɗan huci da kwafi ke ɗauke da shi, da yadda kaifin kalangu ke dushewa duk lokacin da aka sake juye shi. Da kaset ya mutu aka koma faifan CD, daga baya aka koma turi a katin waya, Kawu ya ce shi ya tsufa da sabon karatu. Shi ya ba ni kuɗin mota, na bi ta Matamaye da Daura na sauka Kano, na yi shekara biyu ina share ɗakin ɗaukar waƙa a wajen titin gidan Zoo, ina leƙen hannun mai gidana. A can na koyi FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, a can kuma na gane cewa abin da Kawu ya dasa mini ya fi duk maɓallan da ke kan allo tsada.

Ga misali, kalangu. Makaɗi yana matsa tsirkiya da hammata yana saki, muryar tana hawa tana sauka kamar mai magana. In ka manna masa mikro a baki, bugun gula kawai za ka kwasa, maganar ta ɓace. In ka yi nisa, ɗaki ya haɗiye shi. Ni nakan ajiye mikro kamar taƙi ɗaya da rabi daga fatar, in ɗan karkatar da shi gefe, in sa makaɗi ya yi bugun da ya fi ƙarfi in ga inda alama ta tsaya a allo. Muddin ta taɓa ja, sauti ya fashe, kuma fasasshen sauti da wuya manhaja ta ɗinke shi ya koma yadda yake. Shi ya sa nake barin sarari tun wajen ɗauka. Lokacin hunturu fata takan bushe ta ɗaure, muryar ta yi sama. Da damina ta saki ta yi nauyi. Waƙar da aka fara a Janairu aka zo ƙarasawa a Agusta, sai ka rantse makaɗa biyu ne. Na sha faɗa wa mawaƙa su gama kiɗansu a zama ɗaya, ba sa ji.

Kakaki da algaita kuwa ba sa shiga ɗaki. Ranar hawan salla nake fita ƙofar fadar Sarkin Damagaram a unguwar Birni da ƴar na'urata, in tsaya gefe, ba gaban bakin kakaki ba. Shekarar farko na tsaya gaba, na dawo gida da ƙara tsantsa da kunnen da ya kwana biyu yana kuka. Yanzu ina da ajiyar sautin algaita da tambari da ihun taron hawan ƙaho da na tara shekara da shekaru. Wanda ya zo yin waƙar gida, daga nan nake ɗebo masa, ba daga kiɗan roba da kowa ke saukewa ba.

To a nan ne ƴan waya ke ƙona mini rai. Yaro ya sauke CapCut, manhajar haɗa bidiyo, da safe, da yamma ya rubuta a shafinsa cewa shi injiniya ne. Ya ɗauki murya a zaure, turmi na daka a bayansa, ya lafta mata autotune, abin daidaita muryar mawaƙi, har ba ka bambance kuka na ido da kukar miya, ya karɓi jaka ɗaya. Sai mai waƙa ya zo wurina ya ce, "Haba Malam, wane fa jaka ɗaya yake yi." Nakan ce masa, Allah ya ba da sa'a, ga hanya nan. Ba na ƙin manhajar. Ni ma ina aiki da CapCut, kuma Audacity da nake share hayaniya da ita kyauta ce, kowa na iya saukewa. Abin da ke ba ni haushi, bayan mako biyu mutumin zai dawo da abin da aka ɓata masa ya ce in gyara, kuma yana son rangwame tunda ai "an riga an yi rabin aikin".

Wani saurayi mai murya mai daɗi, ɗan Garin Malam, haka ya yi. An ɗora masa waƙa a kan kiɗan da aka ciro daga bidiyon wani, aka sa a YouTube. Kwana uku sai ga saƙon haƙƙin mallaka. YouTube na da na'urar da ke gane kiɗan da mai shi ya yi wa rajista, kuma gargaɗi uku in suka taru maka, shafin ake rufewa gaba ɗaya. Ya shigo yana zufa, ya ce, "Yaya, sun ce na yi sata." Na ce ai ka yi, sai dai ba da hannunka ba. Muka kira mai gurmi, muka sake gina kiɗan daga tushe. Wannan waƙar yanzu tasa ce, daga sama har ƙasa.

Kowane aiki kashi uku nake fitar da shi. Akwai uwa, wadda ba a matse ba. Minti ɗaya nata yakan ci mega goma, ita nake adanawa wuri biyu. Akwai na YouTube. Sai mai sauƙi na WhatsApp da Xender da masu turi, MP3 da minti ɗaya ke cin kusan mega ɗaya, don mai forfe (wato data) kaɗan a Mirriya ko Tanut ya iya saukewa. Kuma kullum ina gargaɗi: in za ka tura wa wani bidiyonka don ya ɗora, tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba WhatsApp zai matse shi. Ya bi ta hannu huɗu, fuskar mawaƙi ta koma kamar an shafa mata kunu, sannan a ce shagon wane ne bai iya aiki ba. Ɗorawa kuwa sai tsakar dare, sa'ad da rezo ya sarara. In kuran ya ɗauke, batirin sola ya riƙe.

Kada in manta da wani ɗan kasuwa da ya aiko mini katin waya guda hamsin, kowanne an rubuta masa giga 32. Na zuba wa wata Hajiya bidiyon bikin ƴarta, ta je gida rabi ya ƙi buɗewa. Da na gwada, katin bai wuce giga huɗu ba, sauran duk ƙarya ce aka rubuta a cikinsa. Allah ya sa uwar bidiyon tana wurina. Tun ranar, kowane kati sai na cika shi maƙil na sake karanta shi kafin ya bar shagon.

Abokin cinikin da na fi jin daɗinsa ba mawaƙi ba ne. Wani malamin kimiyya ne a lise, yana rubuta gajerun bayanai da Hausa: me ke kawo husufin wata, me ya sa hazo ke taso mana daga arewa maso gabas, yadda allon sola ke mayar da hasken rana wuta. Shi ke rubutu, ni ke yi masa hoto a manhajar zane ta Canva da ɗan bidiyo mai rubutu a ƙasa. Ranar farko da muka fitar, duk inda ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suke, sai ga ƴan akwatuna. Salon rubutu da yawa a waɗannan manhajoji bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Na zauna dare guda ina gwada su ɗaya bayan ɗaya da kalmar "ƙuruƙuru" da "ɓaɓɓake" da "ƴaƴa", na rubuta waɗanda suka ci jarrabawa a jikin bango. Masu arha cire lanƙwasar kawai suke yi, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a Maris 2025, masu son rubutu da Hausa a tallansu sun ƙaru a shagona, kuma ba na barin harafi ɗaya ya fita a gurgunce. A wajen taken bidiyo dai nakan ƙara kalmar ba lanƙwasa a ƙasa, saboda mai nema a waya sau da yawa haka yake bugawa.

Lokacin da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba 2024, masallacin laka da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, wani mai shafin labarai ya rugo da hotuna shida yana so in haɗa masa cikin minti goma. Na ce ya zauna. Na bi su da Google Lens, mai nemo asalin hoto a intanet, ɗaya bayan ɗaya, biyu daga ciki tsofaffin hotuna ne na wani gari daban. Ya ce, "Malam, wasu sun riga ni sakawa." Na ce sun riga ka jin kunya. Na hau babur na je Birni na ɗauko masa nawa. Bai gode ba ranar, amma har yau ni ke yi masa aiki.

Wanda ya buɗe shafi a wurina, da lambarsa nake buɗewa, ba tawa ba, ba ta abokinsa ba. Nakan kunna masa tabbaci mai mataki biyu, in sa ya rubuta kalmar sirri a takarda ya kai gida. Na ga mai barkwanci da ya tara mabiya shekara uku, suka ɓata da abokin da ya buɗe masa, shafi ya tafi da abokin.

Makon jiya wani dattijo mai kalangu ya zo, jikansa ya riƙo shi. Sama da shekara arba'in yana kiɗa a bukukuwa, ba a taɓa ɗaukarsa a ɗaki ba. Ya ƙi sa abin kunne, ya ce yana toshe masa hanya. Na bar shi. Muka yi har ƙarfe biyu, na kunna masa. Ya saurara ido rufe, can ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya ɗana. Mayar da ni baya kaɗan." Na mayar. Ya ce, "Nan hannuna ya makara." Na duba allo, da ƙyar na ga wurin. Na ce, "Baba, zan iya matsar da shi da kwamfuta, ba wanda zai sani." Ya gyara zaman kalangun a hammata, ya ce wa jikan ya rufe ƙofa.