Yadda nake yanke kuɗin jigida da faifai

Ni da yara mata huɗu muke wannan sana'a a ƙauyenmu kusa da Gujungu, jigida da sarƙa da abin hannu da carbi, sai faifai da nake karɓa wajen tsofaffin unguwa in haɗa in kai kasuwa ran Lahadi. Duwatsun a kasuwar Kurmi nake sarowa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar zuwa Kano kaɗai ya isa ya cinye ribar mutum, shi ya sa yanzu sai aiki ya taru nake shiga.

Abin da ke min ciwo wallahi shi ne mai saye ta ɗaga jigida ta ce Hajiya ai duwatsun nan ba su kai ko rabin kuɗin da kika faɗa ba. Gaskiya ne ba su kai ba, to amma wa ya zauna tun bayan azahar yana zira su ɗaya bayan ɗaya a zare, ya jera kala, in an yi kuskure a tsakiya a kwance a sake, ga ciwon ido ga ciwon baya? Ni in zan yanke kuɗi uwar kuɗi nake fara cirewa, duwatsu da zare da mota, sai ladan yarinyar da ta yi, shi kam ba na taɓa shi ko za a kwana ana ciniki, ragi daga ribata yake fita. In tayin ya gangara ƙasa da haka sai in ce albarka.

Mai saye kuma dan Allah ki duba da kyau. Na gilashi ya fi nauyi, akwai sanyi in kin sa a kumatu, na roba shafal yake, wani ma fenti ne a sama, wanka kaɗan ya koɗe. Ki ja zaren a hankali ki kalli ƙullin. Faifai kuwa ki juya bayansa, nan ake gane ɗinki mai matsi.

Tsofaffin nan masu faifai a take nake biyan su, ba na karɓa bashi, da kuɗin suke sayen kaba da cefane. Aikin amare shi ma sai an ba da kafin alƙalami, don bara wata ta sa muka shirya mata saiti shida, har yau suna cikin kwalla.