Mako na uku da Postfix: mai gadi da littafinsa

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Makon nan a kan abu guda na ƙare shi: yadda sabar wasiƙu take gane ko wanda aka aiko wa saƙo yana gidan ko babu shi.

Postfix nake aiki da shi, wato manhajar sabar wasiƙun imel, wanda Wietse Venema ya rubuta a IBM, aka fitar a 1998. Idan wata sabar ta yi sallama, takan gabatar da kanta, ta faɗi mai aikowa, sannan ta ce RCPT TO, wato ga wanda za a miƙa wa. A daidai nan mai gadi, wato Postfix, yake buɗe littafin sunaye. Nawa littafin virtual_mailbox_maps ne, layi-layi, adireshi a hagu, akwatinsa a dama. In sunan na ciki, amsa 250, a shigo. In babu, amsa 550 5.1.1, wato ba a san shi ba, a koma tun saƙon bai sauke kaya ba.

Ranar Talata na ƙara ofis@example.com, na gwada da telnet, manhajar yin magana da sabar kai tsaye, ta ƙofa ta 25, ƙofar shigar wasiƙu, sai aka ce ba a san shi ba. Na buɗe fayil, ga sunan ƙiri-ƙiri. Ashe ba rubutuna Postfix yake karantawa ba, yana duba ɗan fayil mai ƙarshen .db ne, wanda umarnin postmap ke haɗawa daga rubutun, ni kuwa ban sake haɗa shi ba. Yanzu duk gyaran da na yi sai na bi shi da postmap, sannan in tambayi teburin sunayen, wato littafin nan, da postmap -q. In ya yi shiru, sunan bai shiga ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne relay_recipient_maps, littafin sunayen waɗanda sabar ke karɓar wa saƙo don ta miƙa wa wata sabar. Haka yake zuwa babu komai a ciki, kuma muddin aka bar shi haka, sabar za ta karɓi kowane suna na yankin (wato abin da ke bayan @ a adireshi) da take yi wa dako. Sai daga baya ta tarar babu mai shi, ta mayar da saƙon ga "mai aikowa". Masu saƙon banza kuwa da adireshin mutane suke fakewa, don haka wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba shi zai sha ruwan saƙonni daga sabarka. Wannan ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na cire wani layi na @example.com daga teburina, wanda shi ma yake sa sabar ta karɓi kowane suna na yankin.

Lokacin gwaji ku saka soft_bounce = yes, zai mayar da 550 ta koma 450, mai aikowa ya sake gwadawa maimakon saƙo ya salwanta. Kada dai ku manta ku cire shi. Mako mai zuwa zan mayar da teburin cikin MySQL, manhajar rumbun adana bayanai, in sha Allahu.