Tsutsar mashaƙar kifi, da kuskuren da na yi na tsayar da magani da wuri

Abin da ya fara jan hankalina shi ne wani gurami, ɗaya daga cikin kifayen adon da ke tankina, da ya daina zagayen da ya saba, ya koma ya raɓe kusa da inda ruwan mataci, wato na'urar tace ruwan tankin, ke zubowa, murfin mashaƙarsa na dama yana buɗewa yana rufewa da sauri, na hagun kuwa a manne kamar an liƙe shi. Idan na ce mashaƙa, ina nufin jajayen ganyayyakin nan masu kama da haƙoran matsefi da ke ƙarƙashin murfi a gefen kan kifi, waɗanda da su yake zuƙo iskar oksijin daga ruwa. Bayan kwana biyu sai na ga tetra biyu, wasu ƙananan kifaye, suna wulgawa a guje suna goga gefen kai da tsakuwa, irin gugar mai jin ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa.

Ban taɓa magani ba sai da na gwada ruwan, kuma ina roƙon duk mai kiwon kifin ado ya fara daga nan. Amoniya, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, tana ƙona mashaƙa, nitirayit da take rikiɗewa ta zama yana hana jini ɗaukar oksijin har mashaƙar ta koma launin ƙasa-ƙasa, ƙarancin iska a ruwa ma yana sa kifi haki a saman tanki, kuma a ido duk ukun suna kama da cutar tsutsa. Wanda ya zuba magani a kan gurɓataccen ruwa ya ƙara wa kifinsa wahala ne kawai. Nawa gwajin ya nuna amoniya da nitirayit duka sifiri ne, sannan na tuna cewa makonni uku kafin nan na saka sababbin kifaye kai tsaye ba tare da na killace su ba.

Tsutsar da ta fi addabar mashaƙa sunanta Dactylogyrus. Yawancin ire-irenta ba su kai milimita 1 ba, saboda haka ba a tantance ta sai an ɗebi yauƙin mashaƙa an duba a madubin hangen ƙananan halittu, inda ake ganin ɗigon idanu huɗu a kanta da ƙugiyoyi a bayanta. Da ƙugiyoyin take kafa kanta a nama, tana cin yauƙi da fatar wurin, shi kuwa kifin ya yi ta ƙara fitar da yauƙi don ya kare kansa, har mashaƙar ta kumbura ta toshe, numfashi ya gagara. Tana da 'yar uwa, Gyrodactylus, wadda ta fi zama a fatar jiki, ba ta da idanu, kuma haihuwa take yi. Ita Dactylogyrus ƙwai take sakawa, ƙwan ya nutse ya kwanta a cikin tsakuwa, a ruwa mai ɗumi ya ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, jaririyar ta fito tana iyo tana neman kifin da za ta maƙale wa. Wannan bambanci na ƙwai da haihuwa shi ne gaba ɗayan maganar, ni kuwa a lokacin na karanta shi na wuce kamar ba kome ba.

Wahalar tankin da ya tara halittu iri-iri ita ce ba don marar lafiya kaɗai ake zaɓen magani ba, sai an duba mafi rauni a cikin gidan. A nawa akwai koridoras, kifin da ke kiwo a ƙasan tanki, da jatan lande, da katantanwa, da tsirrai masu rai. Duk maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe yana kashe jatan lande da katantanwa. Fulubendazol yana aiki a kan tsutsa, amma katantanwa ba ta tsira daga gare shi, kuma gawarta idan ta ruɓe a ƙarƙashin tsakuwa amoniya ce za ta tashi. Gishiri mai yawa yana wahalar da tsirrai da koridoras. Fomalin kuwa yana rage oksijin ɗin ruwa, kuma ban ga hikimar rage wa mai haki iska ba. Haka nan ban yarda da shawarar da ake yawan bayarwa ta ƙara zafin ruwa ba, domin ruwan da ke riƙe da kusan miligiram 8.2 na oksijin a kowace lita a digiri 25 yana sauka zuwa wajen 7.5 a digiri 30, alhali kifin da ke cikin ɗumi ya fi buƙatar iskar.

Abin da ya rage shi ne firazikwantel, wanda a jikin kwalba ake rubuta shi praziquantel, maganin nan da ake bai wa mutane don tsargiya. Yana shanye jikin tsutsar ta saki nama ta faɗi, kuma a ma'aunin da ya dace ba ya taɓa tsirrai ko ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin mataci. Ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 2 zuwa 2.5 a kowace lita, amma da ainihin ruwan da ke ciki ake lissafi, ba da adadin da aka rubuta a kwalin tanki ba. Nawa lita 120 ne a rubuce, tsakuwa da duwatsu sun cinye wajen 20, saboda haka miligiram 200 na auna. Garin ba ya narkewa da sauƙi, sai na zuba shi a ƙaramar kwalba da ruwan tankin na yi ta girgizawa kafin in tsiyaya shi a gaban mataci. Kafin nan na canza sulusin ruwa, na cire gawayin tacewa don kada ya shanye maganin, na kuma ƙara dutsen kumfa, wanda ke hura iska a cikin ruwa.

A kwana na uku guramin ya buɗe murfin hagu, ya fito ya karɓi abinci, gugar tsakuwa ta tsaya. Farin cikin da na yi ne ya ruɗe ni, na mayar da gawayi na ɗauka an gama. Ba a cika mako biyu ba haki ya dawo, wannan karon har da kifayen da a da lafiyarsu ƙalau, kuma tetra uku suka mutu a dare ɗaya, bakunansu a buɗe. Har yanzu abin yana yi mini ciwo, domin maganin bai gaza ba. Firazikwantel yana kashe tsutsa, amma ba ya ratsa ɓawon ƙwai, kuma ƙwan da ke kwance a tsakuwa ya jira ruwa ya washe ne ya ƙyanƙyashe.

Da na sake farawa sai na bi tsarin yadda ya kamata: zubi uku, tsakanin kowane biyu kwana 6, kuma kafin kowane zubi ina zuƙe tsakuwa da tiyo sosai don in kwashe abin da zan iya na ƙwai, in canza ruwa, sannan in zuba cikakken ma'auni. Tankin gaba ɗaya na yi wa magani, domin cire marar lafiya shi kaɗai ba ya fitar da ƙwan da ke ƙasa. Cin abincinsu ya ragu a ranakun magani, sai na rage abin da nake ba su don kada saura ya ruɓe. Mashaƙar da ta ji rauni ba ta warkewa nan take, guramin ya ɗauki kusan wata guda kafin numfashinsa ya daidaita, kuma duk tsawon lokacin dutsen kumfa bai huta ba.

Yanzu ina da ƙaramin tanki na lita 40 a gefe, babu tsakuwa a ƙasansa don kada ƙwai ya sami maɓoya, yana da ragarsa da tiyonsa waɗanda ba sa shiga babban tanki. Duk sabon kifi sai ya yi makonni huɗu a cikinsa, ina zama a gabansa kowace yamma ina duban murfin mashaƙarsa, dama da hagu.